Kofi mai ruwan zinare: da me ake wanke shi?

Maman Hanifa, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ƙanena da ke karatu a Misra ya aiko wa 'yata gudummawar biki, kofuna shida da ɗan kwano mai murfi, duk na tangaran. Ginin hannu ne ba na kamfani ba, don ko tsayinsu bai zo ɗaya ba, kuma kowanne da tambarin maginin a gindinsa. Bakin kofunan da mariƙinsu an zagaye da ruwan zinare, shi kuma kwanon zanensa fari ne irin na azurfa. Ya ce a bi su a hankali, amma bai faɗi yadda ake bin ba. Amaryar ƙauye za a kai ta, can wajen Taura, ruwan burtsatse suke sha, ga hunturu ya kama. Da me ake wanke su? Kuma a riƙa amfani da su ne ko a bar su a kabet?

Hajiya Talatu, Gujungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ni ban ga abin wahala a nan ba. Toka mai laushi da lemon tsami, a cuɗa a ɗauraye. Da su muke fito da awarwaron azurfa da tasoshin da muka gada, har ka ga fuskarka a jiki. In babu lemo, tsamiya ma ta yi.

Anti Rakiya, Bichi:
Hajiya ki yi wa Allah, kada ki sa yarinya kuka tun ba ta tare ba. Tasa daban, tangaran daban. Ki duba farantan da alhazai suka riƙa zuwa da su tsaraba shekarun baya, masu zagayen zinare a baki. Gidan da ake ji da tsafta, zagayen ya tafi, sai ɗan dishi-dishi. Gidan da aka tura su ƙarƙashin gado aka manta, suna nan garau.

Zainab, Kiyawa:
Ni kuma makilin na ji an ce. A ɗiga a tsohon buroshi a goga.

Malam Auwalu, Gaya:
Salamu alaikum. Hajiya Talatu da Zainab ku gafarce ni, duka biyun kada a yi. Aikin tangaran na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko da yake yanzu alli nake riƙe da shi a sakandare. Bari in faɗi yadda ake sa zinaren, in an gane wannan sauran ba wuya.

Kofi irin wannan sau uku yake shiga wuta. Gashin farko na ƙafar da yumɓun ne. Na biyu bayan an tsoma shi a ruwan gilas, wanda ke narkewa ya ba shi santsi da sheƙi. Wannan wutar takan haura digiri 1,000, wani yumɓun ma sai ta wuce 1,200. Sai ya huce sannan a ɗauko zinaren. A 'yar kwalba yake zuwa, ruwa-ruwa, launinsa ja mai duhu, ga wari, in kin gan shi ba za ki ce zinare ba ne. Zinaren gaske da ke ciki yawanci kashi 10 zuwa 12 ne cikin 100, sauran mai ne da ƙaro. A shafa da siririn buroshi a mayar wuta ta uku, wadda ba ta kai ta biyu ba, tsakanin digiri 700 da 800. Man ya ƙone ya tashi, zinaren ya zauna.

To a kan gilas ɗin ya zauna, ba a cikinsa ba, babu abin da ya rufe shi. Kaurinsa kuwa, sai an jera ɗaruruwan irinsa kafin su kai silin gashi ɗaya. Awarwaron Hajiya azurfa ce har ciki, in toka ta ci bayanta akwai wata a ƙasa. Wannan in ya tafi ya tafi. Kamar lalle ne a tafin hannu, kowace cuɗa da abin da take ragewa, sai dai shi lalle ana sake ƙunsawa.

Hajiya Talatu, Gujungu:
To Malam, na ji ta toka. Lemon tsami fa? Mu mun taso muna jin zinare ba ya tsatsa, ba ya dafewa, ko shekara ɗari ya yi a rijiya. Yanzu ɗan lemo ne zai ba shi tsoro?

Malam Auwalu, Gaya:
Gaskiyarki Hajiya, lemo ba ya cin zinare. Abin da ya riƙe zinaren yake ci. A cikin ruwan ana haɗa ɗan wani ƙarfe mai saurin narkewa, shi ke manne zinaren da gilas. Tsami mai ƙarfi yana raunana wannan mannin, haka ma kanwa, ruwan toka, bilic da garin sabulun wanki, balle in an jiƙa a ruwan zafi an bar shi ya kwana. Ba a ranar za a gani ba. Sai wata rana a sa tsumma a ga zinaren ya biyo shi. Makilin kuma don kankare haƙori aka yi shi, akwai gari mai kaushi a ciki. Soson ƙarfe da soson buhu da yashi, waɗannan ko kusa.

Maman Hanifa, ga abin da za ki gaya mata. Ta sami roba, ba kwanon silba ba, ta shimfiɗa tsumma a ƙasanta. Ruwa mai ɗumi wanda hannu ke jurewa, ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke, da soson katifa ko tsohuwar singileti. Ɗaya bayan ɗaya, ba tare da cokula da wuƙaƙe ba, kuma ta cire zobe. Cikin kofin za ta wanke sosai, bakin zinaren shafa kawai. Da ta ɗauraye ta tsane da ƙyalle mai laushi nan take, kada ta kife ya bushe da kansa. Ruwan burtsatse na wasu wuraren yana barin farin tabo in ya bushe, kuma garin cire tabon ne ake cuɗa, garin neman gira a rasa ido. In damina ta zo, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsafta ya fi kowanne wajen ɗauraya.

Anti Rakiya, Bichi:
Malam ka manta da babbar abokiyar gaba, ƙura. Amaryar yanzu kullum safiya da tsumma a hannu tana goge kabet, don kada dangin miji su shigo su shafa yatsa.

Malam Auwalu, Gaya:
Allah ya saka Anti, can na nufa. Ƙurar hunturu ba gari ba ce zalla, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi zinare tauri nesa ba kusa ba. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, yashi yana hawa na 7, zinare bai kai na 3 ba. Duk ranar da aka sa busasshen tsumma aka goge kofi mai ƙura, an karce shi ne, ido ne dai bai gani ba. In ya yi ƙura a hure, ko a kwarara masa ruwa ƙurar ta sauka tukuna, sannan hannu ya taɓa. Wanda ya fi shi ne kabet mai rufi, a bar ƙurar a jikin gilashin kabet ɗin, shi a goge shi sau goma a rana in an ga dama.

Ɗan'azumi mai gyaran waya, Wudil:
Ni tambayata daban. Ta yaya ma aka san zinare ne? Ranar Juma'a ku zo kasuwarmu ku ga kaskon turaren wuta da tulunan ado, rawaya shar, ana cewa ruwan gwal. Fenti ne na gwangwani. Kada a zo ana lallaɓa fenti.

Malam Auwalu, Gaya:
Kai ma kana da abin gwajin a teburinka. Zinaren da aka gasa ƙarfe ne, yawanci wuta tana bi ta jikinsa. Ɗauki mitarka ka sa ta inda take ƙara in waya ta haɗu, ka ɗora bakin wayoyin biyu a kan zagayen a hankali, ban da dannawa. In ta yi ƙara ƙarfe ne. Fenti galibi shiru za ka ji. Dalilin ke nan da ba a sa irin wannan kofi a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, tartsatsi yake yi ya ƙone zanen. Ga mai ido kuma, gasasshen zinare a kan gilas sumul yake kana ganin inuwarka, fenti yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa, kuma yakan ɓare ne ɓawo-ɓawo, shi kuwa zinare koɗewa yake.

Ɗan'azumi mai gyaran waya, Wudil:
Na'urar ɗumama abinci a ƙauyen Taura? Malam, a fara kawo wutar tukuna. Amma in zinaren gaske ne, in kofin ya fashe ba sai a kankare a kai wa maƙeran fari ba?

Malam Auwalu, Gaya:
Abin da za ka kankaro a kofuna shida ba zai motsa sikelin mai sayen gwal ba. Kuɗin kofin na aikin hannun ne.

Baba Idi magini, Dawakin Tofa (jikansa ke rubutawa):
Baba ya ce a gaishe da jama'a. Ya ce an karanta masa bayanin Malam ya ji daɗi, amma a yi masa adalci a kan fenti. Ya ce su ba su taɓa cewa zinare ne ba, 'yan kasuwa ne ke faɗa, kuma mata ne ke cewa a yi musu kasko mai ruwan gwal don ya dace da labule. Ya ce mai fenti kada ruwa ya daɗe a jikinsa, kada a ci ko a sha a ciki, kuma in garwashi ya yi yawa fentin yana ƙonewa ya yi baƙi, don haka a zuba toka ko yashi a ƙasan kaskon kafin a sa wuta. Ya ce akwai kuma ƙasa mai ƙyalƙyali da ake shafa wa tukunya kafin a kai ta matoya, ta fito tana walƙiya. Wannan ba zinare ba ce ba kuma fenti ba, daga ƙasa take, wuta ba ta yi mata komai.

Ya ce kuma a gaya wa amare, tunda ana maganar wanki: randa da tulu ba a sa musu sabulu. Jikinsu yana shan ruwa, shi ya sa suke sanyaya shi, to sabulun ma sha suke, sai a yi ta jin ƙamshinsa a ruwa. Soso da ruwa zalla, a kife a rana.

Zainab, Kiyawa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. To me zai hana maginanmu su riƙa sa zinaren su ma, maimakon a riƙa ɗauko shi daga Misra?

Malam Auwalu, Gaya:
Ba ƙwarewa ce ta gaza ba. Zafin ma matoya tana iya kaiwa. Matsalar biyu ce. Zinaren sai a kan gilas yake sheƙi, in aka shafa a jikin tukunyarmu mai shan ruwa dusashe zai fito. Sannan yana son wuta mai tsafta a rufaffen tanderu, wadda ake hawa da ita a hankali, ba wutar kara da kashin shanu mai hayaƙi da toka ba. An taɓa haɗa ginin gargajiya da gilas a ƙasar nan. Ladi Kwali da ke bayan naira 20, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da tangaran da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tulunanta da hannu take ginawa yadda ta koya a gida, da zanen kada da ƙadangare da kifi, sai a sa musu gilas a gasa da wuta mai ƙarfi. Amma da aka yi haka sun tashi daga tulun ruwa sun koma na kallo, sun yi nauyi kuma ba sa sanyaya ruwa.

Ustaz Kabiru, Kazaure:
Assalamu alaikum. Ana ta yadda za a wanke, ba wanda ya tambayi ko ya halatta a sha a ciki. Hadisin Huzaifa yana cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ci da sha a mazubin zinare da azurfa. Kuma wannan hanin bai ware mata ba. An halatta musu ado da su a jiki, ba a halatta musu kwano ba. Tunda Malam ya tabbatar zinaren gaske ne, ni dai ba zan kai bakina ba.

Malam Nura, Birnin Kudu:
Wa alaikumus salam. Ustaz, hadisin ingantacce ne babu ja, amma a kan mazubin da aka ƙera da zinare ko azurfa yake. Wanda aka yi da wani abu aka shafa masa ruwan zinare, malamai sun ware masa magana tasa. Mu da muka yi zaure mun karanta a Muhtasar, da Shehu Halil ya zo kan wanda aka shafa wa da wanda aka ɗaure tsaguwarsa da su, cewa ya yi akwai zance biyu. Shafi'awa kuma ma'auni suka sa: in aka kanga shi a wuta za a iya tara wani abu daga zinaren, to haramun ne, in ba za a tara komai ba an yi sauƙi. Ka kuwa ji abin da Malam Auwalu ya ce game da kaurinsa. Sannan a Bukhari, Anas ya ruwaito cewa ƙoƙon Annabi ya tsage, aka ɗaure wurin da azurfa.

Ustaz Kabiru, Kazaure:
Wancan ɗauri ne na buƙata, kuma azurfa ce. Wannan ado ne, kuma zinare, kuma a daidai inda leɓe ke sauka aka sa shi. Akwai manyan malamai da suka hana mai shafen gaba ɗaya. Barin abin da ake kokwanto ya fi.

Malam Nura, Birnin Kudu:
Wanda ya bari don tsantseni ya kyauta, ban ce a'a ba. Abin da nake gudu shi ne a ce wa baiwar Allah ta aikata haram a mas'alar da magabata suka saɓa. Maman Hanifa, ki sa angon ya tambayi malamin da suke bi a garinsu, ya kai masa kofin ya gani da idonsa, kada a yi masa kwatance.

Malama Hadiza, Gumel:
Malamai ku ba ni wuri in sa baki ta ɓangaren tarihi, shi nake koyarwa. Wannan damuwar ba yau ta fara ba. Tangaran mai sheƙin ƙarfe, maginan Iraƙi ne suka fito da shi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa, an tono shi da yawa a Samarra. Daga can ya bunƙasa a Misra zamanin Faɗimiyawa, tsakanin 969 da 1171, ya je Kashan ta Iran, ya je Malaga ta Andalus. Abin sha'awa, nasu babu zinare a ciki ko ɗigo. Azurfa da jan ƙarfe suke haɗawa da ƙasa su shafa, su gasa a tanderun da aka toshe wa iska ya cika da hayaƙi, in an goge ƙasar sai launin zinare ya bayyana. Wasu masana tarihi suna ganin hanin da Ustaz ya kawo yana cikin abin da ya sa manya suka rungumi wannan sana'a, wasu kuma ba su yarda shi ne dalili ba. Kuma a Ƙairawan ta Tunisiya, garin mai Risala da muke karantawa, mihrabin babban masallacin an ƙawata shi da irin wannan tangaran tun wajen shekarar 862, yana nan har yau.

Na kawo wannan ne don kwanon da aka ce zanensa fari ne, kuma daga Misra ya fito. Ba lallai yadda aka yi kofunan aka yi shi ba.

Malam Auwalu, Gaya:
Malama ta taɓo wuri mai kyau. Waccan tsohuwar hanyar ƙarfen yana shiga fatar gilas ɗin ne, don haka ta ɗan fi juriya, amma launinta yakan fito ruwan zuma ko ja, yana canzawa in an juya shi a haske. Fari tas mai kama da madubi, a tangaran na zamani yawanci ba azurfa ba ce, wani farin ƙarfe ne da ake kira filatinam, ko ɗan'uwansa, saboda azurfa tana baƙi su kuwa ba sa yi. Maman Hanifa ki tambayi ƙanenki ya tambayo maginin. In filatinam ne, yadda ake bin zinaren haka za a bi shi. In azurfar gaske ce to sai an ƙara kula: farar wuta ce ke baƙanta ta, kuma tana cikin ƙwai da albasa da robar ɗaure kuɗi. Kada a zuba abinci mai ƙwai a ciki, kada a ɗaure murfin da roba. In ta yi duhu a bar ta da duhunta, man goge azurfa zai cinye ta ne.

Sista Binta, Jahun:
Ni ma'aikaciyar lafiya ce, tawa damuwar ba zinaren ba ce, zinare ba ya cutar da ciki. Dalma nake tsoro. Wasu masu ginin hannu a ƙasashe da dama har yanzu suna sa dalma a ruwan gilas don ya narke da ƙaramar wuta, wasu launukan ado ma akwai ta. Abu mai tsami shi ke jawo ta ta shiga abinci: zoɓo, kunun tsamiya, lemo, nono, musamman in ya daɗe a ciki ko da zafi. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe. Can daga dutsen zinare da ake daka wa a gida ta fito, ba daga kwano ba, kuma yawanta ba ɗaya ba ne, amma gubar ɗaya ce, kuma yara da masu ciki ta fi kamawa. Ido ba ya gane gilas mai dalma. A tambayi maginin ko na abinci ne. Kafin amsa ta zo, kada a ajiye abu mai tsami a ciki, kada a ba yaro.

Maman Hanifa, Ringim:
Kai jama'a, na zo da tambaya ɗaya na tashi da kaya niƙi-niƙi. Na tura wa ƙanen nawa. Ya ce maginin a unguwar Fusɗaɗ yake cikin Alƙahira, zai koma ya tambaye shi maganar dalmar da ta farin zanen. Allah ya saka wa kowa.

Inna Ladi, Babura:
'Yar nan, ni shawarata ki huta da duk wannan. A jera su a kabet a kulle, makulli a ɗaure a bakin zani. Mu a zamaninmu jeren kwalla da samira da tasa har rufin ɗaki, wa ya taɓa cin tuwo a ciki? Kayan ɗaki mutuncin mace ne da na iyayenta, kuma ajiya ce, ranar da ta ɓaci a ɗauki ɗaya a sayar.

Anti Rakiya, Bichi:
Inna, Allah ya ja kwana, a nan kam ban bi ki ba. Mutum ya zauna ya murza yumɓu da hannunsa, ya yi wa kofi mariƙi daidai yatsa, sannan a kulle shi har mai shi ta tsufa ba ta san daɗinsa a hannu ba? Ƙarshenta jikoki su fasa shi ranar rabon gado. Ni na ce ranar sallah, ranar suna, ranar da surukai suka zo, a fito da su. In zagayen ya ɗan koɗe bayan shekara ashirin, ai an mora.

Inna Ladi, Babura:
Ranar suna? Ranar da gida ke cike da yara da 'yan wanke-wanke? Rakiya ke dai ba kya jin magana tun kina yarinya.

Anti Rakiya, Bichi:
To na janye suna, Inna. Amma na riƙe surukai. Kuma doka ɗaya: mai su ce kaɗai ke wanke su, ba a tura su tsakar gida cikin kwanukan tuwo.

Malam Auwalu, Gaya:
Ko an bi ta Inna, ajiyar ma da ƙa'idarta. Kada a cusa kofi cikin kofi. Gindin tangaran ba shi da gilas, kaushi gare shi, shi ke cin bakin na ƙasa. In wuri ya ƙure a sa ƙyalle a tsakani. Kada a rataye su ta mariƙi a ƙusa tunda mariƙin ma da zinare, kada kuma a kife su a kan bakinsu. A nisanta su da hayaƙin murhu da na turaren wuta, don yana barin danƙo, danƙon ya kama ƙura, sai an koma cuɗa. In a kwali za a bar su, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina.

In kuma an bi ta Anti, a kula da sanyin safiya. Kofin da ya kwana cikin hunturu aka kwara masa tafasasshen shayi, gilas ɗinsa yana iya yin tsaga sirara. A fara ɗauraye shi da ruwan ɗumi. Kuma kada shayi ya kwana a ciki, shi ke barin jan tabo.

Zainab, Kiyawa:
In tabon ya riga ya kama fa?

Malam Auwalu, Gaya:
A zuba ruwan ɗumi da sabulun ruwa iya inda tabon ya tsaya, kada ya kai zagayen, a bar shi kamar minti goma. In ya ƙi, ɗan bekin soda a kan yatsa, a cikin kofin kawai.

Ɗan'azumi mai gyaran waya, Wudil:
Duk kun tsallake ranar da ta fi kowace haɗari, ranar kai kaya. Na sha ganin yadda ake loda kayan jere a bayan a-kori-kura, gado a kan kwali, yara a kan gado, ga hanyar ƙauye. Kwalin nan kada ya hau bayan mota. A naɗe kowanne daban a tsohon zani, wata babba ta riƙe a cinya a gidan gaba. Kuma in 'yan jere sun fara, a ba mutum ɗaya amanarsa, don a nan ne hannu ke yawa.

Hajiya Talatu, Gujungu:
Wannan yaro ya yi magana. Malam Auwalu, saura tawa. Ina da farantai na tsarabar Makka, zagayen ya koɗe, ɗaya kuma ya tsage. Ana mayar da zinaren? Mai tsagar kuma jikana ya ce zai liƙe da sufa gulu.

Malam Auwalu, Gaya:
Ana mayarwa Hajiya, amma sai an sami mai tanderu da ruwan zinaren, a sake gasawa, kuma tsohon farantin da ya sha mai da ruwa yana iya fashewa ko ya yi tabo a wutar. Kuɗin aikin zai fi na farantin. Kada kuma wani ya ce zai shafa miki fenti a wurin, bakin abin cin abinci ne. Mai tsagar, in an liƙe shi ya tashi daga na abinci, don gam ba ya jure zafi kuma datti yana maƙalewa a tsagar. Mutanen Japan suna da gyartansu na tangaran, da danƙon wata bishiya suke haɗa fasassun, su bi layin da garin zinare, tsagar ta zama ado. Aiki ne na makonni, kuma ɗanyen danƙon yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, ba abin da jikanki zai gwada a tsakar gida ba ne. Ya liƙe da gam ɗinsa ta baya, ki riƙa ajiye carbi ko makullai a ciki.

Hajiya Talatu, Gujungu:
To shi ke nan. Waɗanda suka koɗe ɗin dai tunda babu sauran abin da za a lallaɓa, in ci gaba da tokata?

Malam Auwalu, Gaya:
A'a Hajiya, gilas ɗin ma toka tana dusar da shi, kuma in ya karce ya fi kama maiƙo. Tokar a bar wa gindin tukunya.